Kwana Goma Sha Tara a Gaban Shkhara

Ni ke ɗaukar ƙafafun kyamarar Tsiala,
itace uku, nauyinsu ya kai na ɗan maraƙi.
Ita ke gaba da sandarta, shekara saba'in da huɗu,
ba ta waiwaye, ba ta tambayar ko na gaji.
Mukan bar Ushguli tun hasumiyoyin dutse ba su fito daga duhu ba,
shanu na huci, hayaƙi bai tashi ba,
mu bi gaɓar Enguri,
ruwan da in ka kurɓa sai haƙoranka sun kai ƙara.

Kwana goma sha takwas Shkhara na lulluɓe.
Gajimare ya tare a kansa kamar mai bin bashi.
Mu kafa, mu zauna,
mu ci gurasa da cuku mai gishiri,
mu naɗe, mu koma.
Na ce, Kaka, yau ma ba mu ɗauki komai ba.
Ta ce, Mirian, mun ɗauki wuni guda, bai ishe ka ba?

Sau ɗaya ta bar ni na cusa kai cikin baƙin ƙyallen.
Warin tsohuwar ulu, da numfashina.
A jikin gilashin duniya ta kife:
sama ta kwanta a ƙasa kamar tafki,
tsaunuka sun rataye, kai ƙasa, kamar jemagu.
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, haka nake ganinsa ko ba gilashi,
tun daren da ƙanƙara ta zaftaro
ta wuce da Otar, da takalminsa ɗaya a ƙafa.
Ɗayan yana nan bayan ƙofa.

Ran na sha tara, da hantsi, dutse ya yaye mayafi.
Fari fat, har ido na ƙwalla.
Motoci suka iso, baƙi suka zubo,
kowa ya ɗaga waya sama,
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
suka juya masa baya suna murmushi, suka tafi.
Na ce, Kaka, ga shi! Ga shi nan!
Ko hannu ba ta fitar daga aljihu ba.
Ta ce, wannan fuskar ta baƙi ce,
kowa ya zo ita ake ba shi.

Raina ya ɓaci.
Kwana sha tara ina dakon itace a kafaɗa!
Na yi tafiyata can ƙasa,
na zauna kan wani falalen dutse, na ba ta ƙeya.
Rana ta karkata. Iska ta sauya.
Gajimare ya fara dawowa a hankali
kamar wanda ya manta hularsa.
Ban ga lokacin da ta buɗe idon kyamarar ba.
Daga baya ta ce takwas ta ƙirga, a zuci,
ta rufe.
Faifai guda. Shi ke nan.

Da dare, a ɗakin ajiyar dankali,
ƙarƙashin jar fitila,
ta tsoma farar takarda cikin ruwan magani
tana girgiza tiren kamar mai lallashin jariri.
Shiru.
Sai toka-toka ta fara tasowa,
yadda suna ke dawo wa wanda ya manta shi.
Ba ƙololuwa. Ba farin nan mai kashe ido.
Hazo ne ya cinye kusan komai,
sai kafaɗa ɗaya ta dutsen, baƙa,
da zaren haske a gefenta, siriri.

Can ƙasa, a kusurwa,
wani ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba.
Na kai yatsa zan share, na zaci datti ne.
Ta buge min hannu.

Na sake dubawa.
Ɗigon yana da wuya, ya sunkuya,
ya ba duniya ƙeya.

Ba ta ce komai ba.
Ta tsamo takardar tana ɗigar ruwa,
ta maƙale ta a igiya
tsakanin safana biyu da ba su bushe ba.